Yadda «Zero Kopi» Ta Kai Ni Tumur

Litinin: Damagaram zuwa Diffa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Damagaram, ni da Malam Bukar, direban ƙungiyar agajin da nake yi wa aiki a lokacin. Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyar da kai a gonaki. A Miriya muka tsaya muka yi sallah. Cikin jakata akwai sukuddireba biyu, da kile ɗaya, ɗan abin ajiyar da ake cusa wa kwamfuta, mai ɗauke da wani fayil, da takardu goma sha ɗaya cikin Ingilishi, da ƙaramin ƙamus. Ni kuwa da Faransanci na yi karatu, kuma watana shida ke nan da kama aiki. Abin da na iya sosai shi ne jan waya da gyaran firinta.

Ranar Asabar ne shugabana, Injiniya Lawali, ya kira ni daga Yamai. Layin yana yankewa yana dawowa. Abin da na tsinta shi ne: sarba ta biro, ofishinmu na Diffa, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogara da ita, tana shaƙewa duk lokacin da aka zo aika jerin sunayen yaran da ake ciyarwa a gidajen likita na ƙauyuka. Ranar Juma'a da safe a Yamai za a loda babbar mota da katan-katan na abincin yara masu tamowa, kuma magajin sito ba ya loda wa kowane gari sai da jerin da ya iso kafin yammacin Alhamis. Ya ce ya turo mini wani pilot in sa, sannan ya ce «zero kopi» har sau biyu. Na amsa da to. Ban tambaye shi ma'anarta ba, don kada ya ga kamar ya ɗauki wanda bai san aiki ba.

Bayan Gidimuni jandarmomi suka tsayar da mu. Ɗayansu ya karɓi takardar tafiyata ya karanta a hankali, ya duba ni, ya duba motar, sannan ya tambaye ni ina jirgin yake, tunda takarda ta ce aikin pilot zan je yi. Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa a harkar kwamfuta pilot ƙaramin shiri ne da ke koya wa inji yadda zai yi magana da wani ƙarfe da ke cikinsa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya mayar mini da takardar, ya ce wa Malam Bukar ya kula da ni a hanya.

Ƙarfe takwas da rabi muka sha shayi da burodi a Gure. Daga nan hanya ta lalace, rairayi ya hau kan kwalta, inda babu rairayi kuma ramuka ne. Na buɗe takardun nan ina bin su da ƙamus, mota tana jijjiga ni. Kowace kalma na same ta, amma in na haɗa su sai su ƙi zama magana. Malam Bukar ya tambaye ni me suka ce, na ce masa tukuna. Muka sayi dabino a Gudumariya, muka yi azahar a Maine Sorowa, ƙarfe huɗu da minti ashirin muka shiga Diffa. Kusan kilomita ɗari huɗu da saba'in ke nan.

Darektan biron, Mushe Sumana (Mushe kamar Malam ne a Faransanci), mutumin yamma ne, dogo, mai son komai ya tafi bisa ƙa'ida. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce sun riga sun fara aiwatar da umarnin Yamai. Ya kai ni zauren biro ya nuna mini injin fotokopi an lulluɓe shi da zane, mabuɗin kabad ɗin takarda kuma yana aljihunsa. A kan dogon teburi ma'aikata huɗu suna zana fom da hannu, da rula da alƙalami. Ya ce tun Asabar da Injiniya ya kira shi ya ce masa maganin matsalar shi ne zero kopi, ko takarda ɗaya ba a buga ba. Ya dube ni yana jiran in yaba.

Zuciyata ta ce ba haka ba ne. Amma in na ce ba haka ba ne, zai tambaye ni to yaya ne, kuma ba ni da amsa. Wataƙila ma injin fotokopin yana jan kuran, wutar lantarkin da sarba take buƙata, wa ya sani? Na ce masa za mu duba gobe. Aka sauke ni a ɗakin baƙi na bayan biro, aka kawo mini burabusko da miyar yakuwa da kifi. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa yadda ya kamata ba.

Talata: cikin garin Diffa

Ƙarfe takwas Madam Falmata ta buɗe mini ɗakin sarba. Ita ce mai shigar da sunayen yara a kwamfuta, ƴar garin ce, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma ba ta da yawan magana. Akwati ɗaya ne baƙi a kan teburi. Na san dai a cikinsa an raba shi gida uku, kowane gida yana ɗaukar kansa kwamfuta cikakkiya: ɗaya na riƙe sunayen yara, ɗaya na wasiƙu, ɗaya na takardun biro. A harkar ana ce musu baƙi, asalin injin da ke ɗauke da su kuma mai masauki.

Ta ce in tsaya in gani. Ta danna aikawa. Nan take fankar cikin akwatin ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, layin da ke nuna wahalar furosesa, wato abin da ke yin duk lissafin injin, ya haye har ƙololuwa ya tsaya can. Gidan sunayen yara ya daskare. Bayan minti ashirin da wani abu sai aikawar ta yanke, ta koma farko. Ta ce sati uku ke nan haka take fama.

Na sa kile, na bi takardun layi bayan layi, ina kwafe abin da aka rubuta ba tare da na san me nake umartar injin ya yi ba. Na kashe na kunna. Madam Falmata ta sake dannawa. Fanka ta ɗauki kukanta kamar ban zo ba.

Sai na fita tsakar gida, gindin wata dalbejiya inda waya ta fi kamawa, na kira Injiniya Lawali. Wannan karon na ce masa ya yi haƙuri ya faɗa mini mene ne zero kopi. Ya ce duk saƙon da baƙo zai aika, mai masauki yakan kwashe shi daga memuwar baƙon, wato ma'ajiyarsa, ya sake rubuta shi a tasa, daga nan ya sake miƙa wa katin rezo, ƙarfen da wayar sadarwa take shiga. Duk wannan kwasar furosesa ne ke yinta, shi ya sa ba ya samun sararin yin wani aiki. Da sabon pilot ɗin, baƙo zai nuna inda saƙon yake ajiye kawai, kati ya je ya ɗauka da kansa, ba a sake rubuta komai ba. Na gane rabi. Na tambaye shi, to injin fotokopi fa?

Ya ce, «Wane injin fotokopi?»

Na same Mushe Sumana shi kaɗai a ofishinsa, na rufe ƙofa, na gaya masa. Ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ajiye a kan teburi, ya daɗe yana kallonsa.

«Jiya da na nuna maka, me ya hana ka faɗa?»

«Mushe, ni ma ban sani ba.»

«Kai da aka aiko daga Damagaram?»

«Ni ɗin.»

Ya ce mutum huɗu sun yi kwana uku suna zana layi da rula, ɗaya daga cikinsu har yatsansa ya kumbura. Ya tashi da kansa ya je ya yaye zanen, ya ce wa ma'aikata kuskurensa ne, bai ambaci sunana ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan da ya yi mini faɗa.

Da rana na sake kiran Yamai sau uku. Injiniya ya ce ba zai yiwu abin ya ƙi ba, don shi da kansa ya zaɓi katin da ke cikin injin. Ya sa ni na karanta masa abin da ke kan allo harafi bayan harafi, ya ce komai daidai ne. Komai daidai, fanka kuma tana kuka. Wajen la'asar ina zaune na zuba wa akwatin ido, sai Madam Falmata ta tambaye ni ko katin da ake magana shi ne wanda tsawa ta ƙona. Na ce wace tsawa? Ta ce a watan jiya an yi ruwa da tsawa, rezo ya mutu, wani mai gyara ya zo ya cire wani ƙarfe ya sa wanda ya sayo a kasuwar Maiduguri. Ta ce ta rubuta a rahoton wata, amma ba ta jin wani ya karanta.

Na kwance akwatin. Ga wani ɗan kati kore, ƙarami, ba irin wanda ke hoton takarduna ba. Da na karanta wa Injiniya lambar da ke jikinsa sai ya yi salati. Ya ce irin wannan ba ya iya tsinto saƙo daga wurare daban-daban na memuwa, dole sai an tattara masa wuri ɗaya, don haka mai masauki ya ci gaba da kwasar da aka ce ya daina. Ya ce akwai ɗan'uwan katin da ya ƙone a cikin wata tsohuwar kwamfuta da aka ba gidan likita na Tumur. In je in ciro.

Laraba: Diffa zuwa Tumur da dawowa

Ƙarfe shida da kwata muka fita. Malam Bukar ya zaɓi hanyar bakin Komadugu ta wajen Geskeru, don akwai fom da zai sauke a wasu ƙauyuka biyu. Kogin ya kawo, ruwan jajaye-jajaye, ana hango mutanen tsallaken Najeriya suna wanki. Ko'ina injinan ban-ruwa suna tatata, manoma sun duƙa suna dashen tattasai layi-layi. Malam Bukar ɗan yankin ne, duk wanda muka wuce sai ya rage gudu sun gaisa da Barbarci, gaisuwar kuma ba gajeriya ba. Ni ina duban agogo.

Ƙarfe tara saura muka faɗa wani taɓo da ya yi kama da busasshiyar ƙasa. Ƙafafun baya suka nutse har gatari. Wasu manoma shida suka bar dashensu suka zo da shebur da rassan kaba. Sa'a biyu muka yi. Wani dattijo cikinsu, da Hausarsa mai karin Barbarci, ya tambaye ni me za mu ɗauko a Tumur da gaggawa haka. Na nuna masa da yatsu biyu girman katin. Ya dubi motar, ya dubi mutum shida da taɓo har gwiwa, ya ce Allah ya sa a same shi.

Ƙarfe ɗaya saura kwata muka isa Tumur, tafiyar kusan kilomita tamanin. Mai kula da gidan likitan, Majo Ari, mutum ne siriri mai tabarau. A gindin bishiyar ƙofarsa mata suna zaune da yara a cinya, Fulani da Barebari, wasu sun yi tafiyar yini a kan jaki. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni ya ja ni ɗakin ajiya ya nuna mini katan huɗu a kusurwa, ya ce su ke nan suka rage, kuma ya fara raba rabon yaro ɗaya ga yara biyu. Ya ɗauka abinci muka kawo. Da na ce masa wani ƙarfe na zo cirewa daga kwamfutarsa sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in sake faɗa.

Na sake faɗa, na ƙara da cewa in ƙarfen bai isa Diffa ba, sunayen yaransa ba za su isa Yamai ba. Ya ce bai ga haɗin ba, amma ga kwamfutar nan. Na kwance ta, sai na tarar da kati biyu, kusan iri ɗaya, lambobinsu sun sha bamban da harafi ɗaya. Hoton takarduna ya yi duhu, ba a ganin harafin. Waya ba ta kamawa a Tumur a lokacin. Na yi niyyar cire duka biyun, amma ɗaya ya kafe, na ji tsoron in karya. Na tsaya da sukuddireba a hannu ban san abin yi ba, ina jin kukan wani yaro daga waje.

«Ɗauki dukanta,» in ji Majo. «Amma da sunana aka rubuta ta, kuma a ciki nake rahoton wata. Ka dawo mini da ita Juma'a.»

Na yi alkawari. Ya ba mu fura da nono muka sha a tsaye. Muka koma ta hanyar rairayi mai ɓullewa kwalta, kwamfutar a kan cinyata na rungume ta, kowane rami sai na ji shi a haƙarƙarina. Ana kiran magariba muka shiga Diffa.

Alhamis: Diffa

Tun bakwai na fara. Da ɗan man inji da haƙuri katin da ya kafe ya fito. Injiniya bai ɗauki waya ba, an ce yana taro. Na zaɓi ɗaya na sa, na kunna. Sarba ba ta ma ga rezo ba gaba ɗaya, wasiƙun biro suka tsaya, mutane suka fara leƙowa ƙofa. Na kashe na sa na biyun. Ina cikin ɗaure sukurori kuran ya ɗauke. Sai da Mushe Sumana ya fita da kansa ya tsaya a kan mai gadi aka tayar da gurup, injin ba da wuta.

Ƙarfe goma sha biyu saura minti ashirin Madam Falmata ta danna aikawa. Babu abin da ya faru. Fanka ba ta yi kuka ba, layin furosesa ya ɗan ɗaga ya kwanta ƙasa da rabi. Na ce a raina na kashe injin ke nan. Na miƙa hannu zan cire waya in sake dubawa, ta riƙe mini hannun riga ta nuna mini wani ɗan layi a ƙasan allo yana tafiya a hankali. Ta buɗe gidan sunayen yara, ya buɗe. Ta shigar da sunan wani yaro ana cikin aikawar, ya shiga.

Muka zauna muna kallon layin nan. Sadarwar tauraron ɗan'adam ba ta da sauri, sai da ya yi sa'a uku da rabi. A tsakani ta ce in bayyana mata abin da ya sauya, don ranar da ba ni nan. Na maimaita mata abin da Injiniya ya ce. Ta yi tunani, ta ce to in ba a kwafe saƙon ba, aka nuna wa kati inda yake kawai, idan baƙon ya rubuta wani abu a wurin kafin kati ya zo ɗauka fa? Ba sunan wani yaro zai tafi a madadin na wani ba? Ni abin bai taɓa zuwa mini ba. Na fita gindin dalbejiya da sauri, wannan karon Injiniya ya ɗauka. Ya ce mai masauki yana riƙe wurin, ba a sake shi sai kati ya gama ɗauka. Ya tambaye ni ko ni na yi wannan tunanin, na ce Madam Falmata ce.

Ƙarfe uku da minti goma layin ya cika. Uku da rabi Yamai suka kira suka ce jerin ya iso, har da na Tumur. Mushe Sumana ya ba ni hannu, ya ce in rubuta duk abin da na yi a takarda, da Faransanci mai sauƙi. Na rubuta shafi biyu. Wuri uku a ciki na sa: ban san dalili ba, amma haka aka yi.

Juma'a: komawa gida

Ƙarfe biyar da rabi muka ɗauki hanya. Na yi barci daga Maine Sorowa har Gudumariya. A Gure muka tsaya sallar Juma'a, Malam Bukar ya buɗe bayan mota zai ɗauko darduma, sai ya kira ni. A ƙarƙashin tabarma, naɗe cikin bargo, ga kwamfutar Majo Ari. Ni na sa ta a motar daren jiya da nufin a kai ta Tumur, ban gaya wa kowa ba, kuma ban tuna cewa motar da za ta kai ni gida ke nan ba. Mun yi nisan kilomita ɗari uku daga Diffa. Na zauna a kan dakalin masallaci na dafe kai. Malam Bukar ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ce babbar motar abincin ai ta Damagaram za ta bi.

Ƙarfe biyar da rabi na yamma na shiga gida lafiya. Ranar Lahadi da hantsi na je na tsaya a bakin hanyar Yamai da kwamfutar a gabana. Wajen sha ɗaya motar ta iso. Direban ya ɗaga tamfol don ya sama mata wuri, na ga katan-katan har sama, wasu an rubuta Tumur a jikinsu da baƙin alli. A tsakaninsu muka cusa ta, na ɗaure da igiya, na haɗa da wasiƙa.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Bukar, da manoman nan shida da ban san sunayensu ba, da Mushe Sumana da ya rufa mini asiri a gaban ma'aikatansa, da Madam Falmata wadda ta fi ni gane injin da aka aike ni gyarawa. Majo Ari kuma, bayan godiya, ina sake ba shi haƙuri. An gaya mini ranar Laraba motar ta isa Tumur, kuma sai da ya sa aka sauke katan na ƙarshe aka fara rabo, sannan ya tambayi ina kwamfutarsa.